Muhawarar zaure: duniyoyi, watanni da duwatsun sama, wa ya fi wani girma?

Malamar Aji Biyar, Agege: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon masu ilimin kimiyya a cikinmu. Akwai wani allon takarda da aka manna mana a bangon aji, mai hoton rana da duniyoyi takwas a jere. A jikinsa duniyarmu ta kai kusan rabin Jupita, wata kuma yana dab da ita kamar zai taɓa ta. Yau wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, Malama, wata da Najeriya wa ya fi girma? Nan take aji ya rabu biyu. Na ce musu wata, amma ina so gobe in je musu da lissafi, ba da "haka aka ce" ba. Sannan ina so in san ko allon nan gaskiya yake koya musu.

Alhaji Mai Gwari, Mile 12: Wa alaikumus salam Malama. Ni a idona wata bai wuce faifai ba, amma na san nisa ne ke ƙanƙantar da shi. Bari masu boko su iso.

Ɗalibar Akoka: Anti Malama, amsarki daidai ce, kuma ratar ba kaɗan ba ce. Faɗin wata, wato in an huda shi ta wannan gefe aka ɓullo ta wancan, kilomita 3,474 ne. Doronsa kuwa in an shimfiɗa shi ya kai murabba'in kilomita miliyan 38. Najeriya gaba ɗayanta murabba'in kilomita 923,768 ce, kin ga sai an jera irinta sama da 40 kafin a rufe wata. Ko Afirka da take miliyan 30 ba ta kai shi ba. Asiya ce kaɗai nahiyar da ta ɗara shi. Shi kuwa allon, shawarata a cire shi. Faɗin duniyarmu kilomita 12,742 ne, na Jupita kusan 140,000. Sau 11 ke nan, ba sau biyu ba. Abin da yaro ya gani da idonsa a bango kullum ya fi zama a kansa fiye da abin da aka faɗa masa sau ɗaya.

Injiniya, Ikeja: Ƙanwata, lissafinki babu gyara, amma ban goyi bayan cire allon ba. Babu mai zanen da zai iya sa girma da nisa daidai a takarda guda. In ya zana duniyarmu yadda ido zai gan ta, rana ba za ta shiga takardar ba. In ya sa rana ta shiga, Makuri ta ɓace. Aikin allon shi ne ya nuna jeri: Makuri, Zara, duniyarmu, Mas, Jupita, Satun, Yuranus, Neftun. Wannan kuma ya yi shi.

Ɗalibar Akoka: Yaya Injiniya, nisa na yarda ba ya zanuwa. Amma girma yana zanuwa mana. In Jupita ta ci santimita 22 a takarda, duniyarmu ta ci 2, Makuri ta ci ƙasa da 1, kuma duk ana ganinsu. Sai a zana gefen rana kawai a bakin takardar. Mai allon bai yi hakan ba ne don yana so hoton ya cika ido.

Direban Tanka, Apapa: Ku dakata. Ni na taɓa ji a rediyo an ce duniyarmu 1,300 za su shige cikin Jupita. Yanzu kuma an ce sau 11. Wanne za mu kama?

Alhaji Mai Gwari, Mile 12: Direba, wannan kam ko ni zan iya amsa maka, don sana'ata ce. Kwandon da ya ninka wani sau biyu a baki, ya ninka shi sau biyu a zurfi, ba tumatir ninki biyu yake ci ba, ninki takwas yake ci. Sabon shiga kasuwa a nan ake cin sa, yana duban bakin kwando yana mantawa da cikinsa.

Ɗalibar Akoka: Baba Alhaji ya gama magana. 11 sau 11 sau 11 ya ba da 1,331. Duk biyun gaskiya ne, ɗaya faɗi ne, ɗaya ciki. Haka wata: faɗinsa ya ɗan wuce rubu'in na duniya, amma sai an zuba wata kusan 50 kafin a cika cikinta. Rana kuma faɗinta ya ninka na duniya sau 109, cikinta zai ɗauki duniya kusan miliyan 1.3. Akwai ma'auni na uku da mutane ke mantawa da shi, wato nauyi. Jupita da ta ɗauki duniya 1,300 a ciki, a nauyi sau 318 kawai ta ninka ta, domin yawancinta iskar haidurojin ce da hiliyom, ba dutse ba. Duk da haka in aka tara sauran duniyoyin bakwai a sikeli guda, ita kaɗai ta rinjaye su sau biyu da rabi.

Malam na Zango: Subhanallah. Mu a littattafan falaki na zaure mun karanta Uɗarid da Zuhura da Mirrik da Mushtari da Zuhal, wato Makuri da Zara da Mas da Jupita da Satun, su biyar da ake gani da ido. Malamanmu sun san tafiyarsu da lokutan fitowarsu. Wanda na daɗe ina tambayar kaina shi ne Zuhura, wadda iyayenmu ke kira Zara matar wata. Ta fi kowace tauraruwa haske. Ashe ba ita ce babba ba?

Injiniya, Ikeja: Allah ya gafarta Malam, ba ita ba ce. Faɗinta kilomita 12,104, saura kaɗan ta kamo duniyarmu. Haskenta daga abu biyu yake: tana kusa da mu, kuma farin gajimare mai kauri ya lulluɓe ta yana maido da hasken rana. Mushtari ta ninka ta sau 11 da ɗoriya, amma nisa ya rage mata haske a idonmu. Kuma ga shi a ido wata ne babba Zara ƙarama, alhali ta ninka shi sau uku da rabi a faɗi.

Tela, Idi-Araba: Ni fa ina karantawa ne kawai ina jinjina kai. Ku gafarce ni, amma wa ya je can da tef ya auno? Ni ko wuyan riga ba na yankawa sai na gwada mai ita. Ku kuma kuna kawo lamba har da 'yan ɗai-ɗai, 3,474, kamar kun taka shi da ƙafa. Ba Turawa ne kawai suka rubuta muka haddace ba?

Ɗalibar Akoka: Kawu Tela, tambayarka ita ce ta fi kowace muhimmanci a zauren nan, kuma tana da amsa. Awon duniyarmu ba jiya aka fara shi ba, ba kuma a Turai ba. A Masar, sama da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, wani masani mai suna Eratostenis ya lura cewa a wata rana ta shekara, da tsakar rana, sanda ba ta yin inuwa a Aswan amma tana yi a Iskandariyya. Daga tsawon inuwar da nisan garuruwan biyu ya fitar da kewayen duniya, kuma bai yi nisa da gaskiya ba. Bayansa, a ƙarni na 11, Albiruni ya hau wani dutse a ƙasar da yau take Pakistan. Ya auna tsayin dutsen, ya auna yadda ƙarshen hangen ido ya sunkuya ƙasa daga samansa, ya fitar da girman duniya da lissafi zalla. Shi kuwa wata, tun 1969 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye madubi a kansa. Har yau ana harba haske daga ƙasa ya bugi madubin ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi, an kuma san gudun haske, sai nisa ya fito. In ka san nisan abu, ka kuma auna yawan wurin da ya ci a sama, faɗinsa ya fito. Kai ma in ka hango bene daga nesa kuma ka san nisansa, za ka iya ƙiyasta tsayinsa.

Injiniya, Ikeja: In ƙara a kai. Su ƙananan duwatsu da ba a ganin siffarsu ko a madubin hangen nesa, akwai dabara mai kyau. Ana jiran lokacin da dutsen zai gifta ta gaban wata tauraruwa. Mutane a garuruwa daban-daban su riƙe agogo. Tauraruwar ta ɓace, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta dawo. An san gudun dutsen, an san tsawon ɓacewar, sai a samu faɗinsa ta layin da ya bi kan kowane gari. A haɗa layukan, siffarsa ta fito a takarda.

Tela, Idi-Araba: Na Albiruni da na madubi sun shige ni. Na agogon nan sai na ƙara tunani a kai.

Bakatsine, Alaba Rago: Tunda an zo maganar gifta wa juna, ni ganau ne. Ranar 29 ga Maris 2006 ina gida lokacin da rana ta yi husufi. Da hantsi ne, gari ya yi duhu kamar bayan magariba, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Abin da har yau nake mamaki shi ne yadda wata ya rufe rana cif, ba ragi ba ƙari, sai wani farin zobe a kewaye. In rana ta fi shi girma haka, ta yaya ya rufe ta?

Ɗalibar Akoka: Rana ta ninka wata kusan sau 400 a faɗi, kuma ta ninka shi kusan sau 400 a nisa. Shi ya sa suke zuwa daidai a idonmu. Wata yana kilomita 384,400 daga nan, rana tana kusan miliyan 150.

Malam na Zango: Tsarki ya tabbata ga wanda ya daidaita.

Malamar Aji Biyar, Agege: Na gode ƙwarai, ina ta kwafewa a littafi. Amma yara 'yan shekara 10 ba za su riƙe miliyan da dubu ɗari ba. Akwai abin da zan iya ɗauka a hannu in nuna musu?

Injiniya, Ikeja: Akwai, Malama. Ki ari ƙwallon ƙafa daga yaran, faɗinta kamar santimita 22 ne. Ki ce ita ce duniya. A wannan ma'auni wata santimita 6 ne, tumatir matsakaici. Kada ki riƙe su kusa da juna. Ki ba wani yaro tumatirin ya yi ta ja da baya har mita 6 da rabi, wato kusan daga allo zuwa bangon baya. Wannan tazarar kaɗai za ta gyara abin da hoton bango ya ɓata. Mas santimita 12 ce, Makuri 8. Jupita kuwa ki fita da su fili, ki kafa ƙusa, ki ɗaura igiya mai tsawon mita 1.2 ki zana da'ira a ƙasa, faɗinta ya zama mita 2.4. Ki ajiye ƙwallon a tsakiya su gani. Rana mita 24 ce, tsayin bene mai hawa bakwai ko takwas, kuma tana can kilomita 2.6 daga filin makarantarku. Neftun sai an yi tafiyar kilomita kusan 78 daga ranar, kamar daga tsibirin Legas zuwa wajajen Abeokuta.

Ɗalibar Akoka: Wannan na sa hannu a kai. Anti, in za ki bar allon, ki rubuta a ƙasansa da babban baƙi cewa jeri yake nunawa ba girma ba.

Malamar Aji Biyar, Agege: Haka zan yi. Cirewa sai da izinin shugaban makaranta, rubutu kuwa alƙalamina ne.

Maman 'Yan Biyu, Obalende: An taɓa turo min wani hoto a WhatsApp wai duk duniyoyin nan za su shige tsakanin ƙasa da wata in an jera su. Na ɗauka irin ƙaryar intanet ce.

Injiniya, Ikeja: Hajiya, wannan kam yana kan iyaka. In kika tara faɗin bakwai ɗin, Makuri 4,879, Zara 12,104, Mas 6,779, Jupita 139,820, Satun 116,460, Yuranus 50,724, Neftun 49,244, za ki samu kusan 380,000. Ita 384,400 da ake faɗa daga cibiyar duniya ne zuwa cibiyar wata. In an cire rabin kowannensu, filin da ya rage kamar 376,000 ne, kin ga ba su shiga ba. Amma wata ba ya tsayawa a nisa ɗaya. Yakan matso zuwa kusan 363,000, yakan ja baya ya wuce 405,000. Lokacin da ya ja baya za su shige har da sauran wuri. Zobban Satun dai sai a cire su, don faɗinsu kaɗai ya kai kilomita 270,000.

Direban Tanka, Apapa: To ni ga inda nake da ƙorafi. Mu a firamare duniyoyi tara aka koya mana, har da Fuluto, mun sha bulala a kan haddarsu. Yanzu Malama ta ce takwas ne a allonta. An kore ta ne don ƙarama ce? In haka ne ban ga adalci ba.

Ɗalibar Akoka: Yaya Direba, ƙarama ce kam. Faɗinta kilomita 2,377, ko watanmu ya fi ta, kuma watanni bakwai ne suka fi ta. Amma ba ƙanƙanta aka rubuta a hukuncin ba. A 2005 aka gano Eris can bayanta, wadda ta kusa kai ta faɗi kuma ta fi ta nauyi. Sai ya zama dole ko a ce duniyoyi goma ne, gobe sha ɗaya, ko a kafa sharaɗi. A watan Agusta 2006 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta zauna a birnin Prag ta ce sai abu ya cika uku: yana kewaya rana, nauyinsa ya dunƙule shi ya zama kamar ƙwallo, kuma shi ne ya mamaye hanyarsa ba ya cikin cunkoson irinsa. Fuluto ta ci biyu ta faɗi na uku. Kuma ba a kanta aka fara ba. Seres, wani babban dutse da ke tsakanin Mas da Jupita, da aka gano ranar 1 ga Janairu 1801, ta yi shekaru ana lissafa ta cikin duniyoyi, sai da aka ga irinta sun yi yawa a wurin aka fitar da ita.

Injiniya, Ikeja: A nan ina tare da Direba. Sharaɗi na ukun bai gamsar da kowa ba, har shi Alan Stern da ya jagoranci kumbon New Horizons da ya wuce ta gefen Fuluto a 2015 bai yarda da shi ba. Hotunan da kumbon ya turo sun nuna tsaunukan ƙanƙara da filaye da siririyar iska. Ni abin da zan so a koya wa yara shi ne waɗannan sunaye, duniya da wata da dutse, ba muƙaman girma ba ne. Wata sunansa wata ne saboda wata duniya yake kewayawa ba rana kai tsaye ba, shi ke nan. Ganimid, watan Jupita, kilomita 5,268 ne. Taitan na Satun 5,150. Dukansu sun fi Makuri faɗi, ita kuwa cikakkiyar duniya ce a lissafi.

Alhaji Mai Gwari, Mile 12: Af. Wato bara ya fi wani maigidan jiki.

Ɗalibar Akoka: Jiki kam ya fi ta, Baba, amma a ɗora su a sikeli. Makuri ta ninka Ganimid sau biyu da ɗoriya a nauyi, domin cikinta ƙarfe ne, shi kuwa kusan rabinsa ƙanƙara ce. Allura ƙarama ce amma ƙarfe ce. Saboda wannan nauyin ne ƙarfin jan Makuri ya zo ɗaya da na Mas duk da Mas ta fi ta faɗi sosai: buhun shinkafa mai kilo 50 zai ji kamar kilo 19 a kan kowacce. A wata kamar kilo 8. Haka Yuranus ta ɗan fi Neftun faɗi, amma Neftun ta fi ta nauyi. Satun kuwa da ta ninka mu sau 9 a faɗi, in aka gwada cikinta da nauyinta ko ruwa ya fi ta danƙarewa. Shi Taitan ma an daɗe ana ɗaukar shi ne babban wata, sai da kumbon Voyager 1 ya je a 1980 aka gane iskarsa mai kauri ce ta ƙara masa jiki a madubi.

Maman 'Yan Biyu, Obalende: Duk watanni haka suke da girma?

Ɗalibar Akoka: A'a Anti, manyan kaɗan ne. Satun tana da watanni sama da 270 da aka tabbatar, Jupita sama da 90, amma yawancinsu 'yan kilomitoci ne. Mas tana da biyu. Fobos kamar kilomita 22, Daimos kamar 12. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce. Wato in kika hau ta daga Oworonshoki kika sauka a tsibiri, kin kusa ƙetare faɗin Daimos. Kuma ba su dunƙule ba, siffar dankali gare su, domin sai abu ya kai ɗaruruwan kilomita kafin nauyinsa ya murje shi ya zama ƙwallo.

Bakatsine, Alaba Rago: To su duwatsun saman fa? Ku yi mana bayani, don mu Katsinawa muna da haƙƙi a wannan maganar. Tun muna yara muke jin labarin dutsen da ya faɗo a Zagami.

Injiniya, Ikeja: Yawancinsu suna tsakanin Mas da Jupita, sama da miliyan ɗaya aka ƙirga. Babbarsu Seres, faɗinta kusan kilomita 940, ta ɗan wuce nisan Legas zuwa Kano a jirgin sama. Doronta ya ninka Najeriya sau uku. Mai bi mata Besta, kilomita 525, doronta saura kaɗan ya kai Najeriya. Kumbon Dawn ya ziyarci Besta a 2011, ya ziyarci Seres a 2015. Daga nan girman sai ya yi ta raguwa da sauri. In aka tattara su duka aka dunƙule, ba za su kai kashi 5 cikin 100 na nauyin watanmu ba. Malama, a ma'aunin ƙwallon nan Seres santimita 1.6 ce. Kuma hoton da ake zanawa na duwatsu cunkushe suna gugar juna shi ma ba haka yake ba, tsakanin wannan da wancan yakan kai ɗaruruwan dubban kilomita.

Ɗalibar Akoka: Na Zagami kuwa, Kawu, abin alfahari ne. Ya faɗo ranar 3 ga Oktoba 1962 a gona, a lardin Katsina na wancan lokaci, nauyinsa kusan kilo 18. Ba daga cikin waɗancan duwatsun yake ba, ɓallin Mas ne. Wani dutse ne ya taɓa dukan Mas da ƙarfi, ɓaraguzai suka tsere suka yi ta yawo, har wannan ya faɗo mana. An gane asalin irinsu ne saboda iskar da ta maƙale a cikinsu ta zo daidai da iskar Mas da kumbon Viking ya auna a 1976.

Ɗan Maraɗi, Agege: Mu ma an tsinci namu a yankin Agadas a Nuwamba 2023, kusan kilo 25, shi ma na Mas. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a New York a kan dala miliyan 5 da wani abu. Gwamnatinmu ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Da an ajiye shi a Yamai yaranmu su je su gani da ido su taɓa tunanin karanta wannan ilimi.

Malam na Zango: Gaskiyarka. Abin da ya faɗo a ƙasar mutane ya kamata 'ya'yansu su amfana da shi.

Maman 'Yan Biyu, Obalende: Ni tsoro ma ya kama ni. In mai kilo 18 ya faɗo a gona, babba fa?

Injiniya, Ikeja: Hajiya, tsoron da ke da amfani shi ne wanda ya san inda zai duba. Manyan irin su Seres da Besta suna kan hanyarsu, ba ruwansu da mu. Waɗanda ake sa wa ido ƙanana ne masu ratsa hanyar duniya. Wanda ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha ranar 15 ga Fabrairu 2013 bai wuce mita 20 ba, amma ya raunata mutum kusan 1,500, yawancinsu gilashin taga ne ya yanke su lokacin da suka je leƙen hasken. Na Tunguska, ita ma a Rasha, a 1908 ana ƙiyasta mita 50 zuwa 60, ya kwantar da daji sama da murabba'in kilomita 2,000, fiye da rabin jihar Legas ke nan. Wanda ya faɗa Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce, wanda masana ke danganta shi da ƙarewar manyan dabbobin da, kamar kilomita 10 ne, bai kai tsawon gadar da ƙanwata ta ambata ba. Ramin da ya bari ya kai kilomita 180. Ba girmansu ne ke ɓarnar ba, gudun ne, don sukan shigo da kusan kilomita 20 a daƙiƙa guda.

Direban Tanka, Apapa: Kilomita 20 a daƙiƙa? Innalillahi. To akwai abin da ake iya yi, ko sai addu'a?

Ɗalibar Akoka: Addu'a da aiki, Yaya. A Satumba 2022 kumbon DART na hukumar NASA ta Amurka ya daki wani dutse mai suna Dimofos da gangan, faɗinsa kamar mita 150 zuwa 160, kusan tsayin ginin NECOM da ke Marina. Dutsen yana kewaya wani babba ne, kuma dukan ya rage masa lokacin kewayen da kusan minti 33. Gwaji ne, ba barazana yake yi mana ba, amma ya nuna in an hango dutse da wuri ana iya kauda shi. Sannan akwai wanda in Allah ya kai mu za mu iya gani da idonmu. Afofis, mai faɗin mita 340 ko sama kaɗan, zai wuce ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029 a nisan kusan kilomita 32,000 daga doron ƙasa. Tauraron ɗan'adam ɗinmu na sadarwa, NigComSat-1R, yana sama da kilomita 35,000, kun ga ya fi shi kusa. An lissafa hanyarsa sosai, ba zai taɓa mu ba. Afirka tana cikin wuraren da zai bayyana da dare.

Tela, Idi-Araba: A Legas ɗin nan da hasken fitilu da hayaƙin janareta? Kuma Afrilu damina ta fara.

Ɗalibar Akoka: Gaskiya ne Kawu, a cikin gari zai yi wuya, don ɗan ɗigo ne mai tafiya a hankali tsakanin taurari, ba tauraruwa mai wutsiya ba. Wanda yake Arewa a bayan gari ya fi mu dama, tunda can ruwa bai kankama ba a lokacin.

Bakatsine, Alaba Rago: To ni sai in shirya tafiya gida. Amma 'yata, tambaya ɗaya. In mutum ya tsinci baƙin dutse mai nauyi a gona, ta yaya zai san daga sama yake? Makiyayanmu suna tsintar irinsu.

Ɗalibar Akoka: Yawancin abin da ake tsinta marmara ce ko kashin maƙera, Kawu. Na sama yakan fi dutsen da ya kai girmansa nauyi a hannu, bayansa da siririn baƙin ɓawo kamar an ƙona, jikinsa kuma ba ramuka irin na soso. Da yawansu maganaɗisu yana kama su, ko da yake na Mas ba lallai ba. Kada a fasa shi, kada a wanke shi, kada a sa shi a wuta. A ɗauki hotonsa a inda yake, a riƙe sunan wurin, a naɗe shi a leda mai tsabta a kai sashen nazarin ma'adinai na jami'a mafi kusa, ko Zariya ko Kano. Kuma kada a sayar wa mai yawo da ya zo da 'yan kuɗi kafin masana su duba.